Angon Ƙarni da Wutar Asuba

Ni akawu ne a garin Ƙanƙara, ƙasar Sarkin Pauwa, aikin da na gada wurin mahaifina, wanda ya yi wa En'e hidima har gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zo ya shafe ta. Karatuna bai wuce na allo da na firamare ba, saboda haka kada mai karatu ya sa rai zai ji zurfin ilmi a nan. Musulmi ne ni, ɗan Musulmi. Amma tun cikin shekarar 2020 katanga ɗaya ce ta raba ni da waɗansu bayin Allah Kirista, miji da mata, abin da na gani kuwa a wurinsu sa'ad da Allah ya ba su haihuwar fari shi ne na ga ya kamata in rubuta, ko ya amfani wani. Ba zan kama sunansu ba. Shi mijin zan riƙa ce masa angon ƙarni, yadda na ke tsokanarsa a lokacin, ita kuwa matar mai jego.

Mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Faskari. A daminar 2020, bayan da ɓarayin daji suka faɗa wa Kadisau cikin watan Yuni suka hallaka jama'a masu yawa, sai tsoro ya kama ƙauyukan wannan yanki, mutane suka yi ta barin gonakinsu da shuka a ciki. Wata rana da la'asar wani abokin aikina ya kawo mini shi, ya ce yana neman ɗakin haya, ya kuwa faɗa mini addininsa tun ban tambaya ba. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na kwana biyu ina juya abin a zuciyata, don na san bakin mutanen unguwa. Uwargidana ce ta yanke maganar. Ta ce, "Malam, sashen nan na kusa da zaure awaki ke kwana ciki. Mutum bai fi akuya ba ne?" Na rasa amsa, na sa aka share wurin. Wata shida bayan zuwansu, ran 11 ga Disamba, aka zo har makarantar sakandaren kimiyya ta garinmu aka kwashe yara fiye da 300, muka gane mu da baƙinmu jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Wataƙila mai karatu na wata ƙasa ya yi mamaki, ya ce ashe akwai Bahaushe Kirista. Akwai su kuwa, a ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Malumfashi da Ƙafur. Kakanninsu su ne a ke ce wa Maguzawa, manoma na gaske, masu bin al'adar gargajiya. Da zamani ya juya, waɗansu suka musulunta, waɗansu suka bi Mishan. Su kansu ba su son a riƙa kiransu da wancan tsohon suna, sun fi so a ce Hausawa Kirista, ko kuwa Masihiyawa. Mishan ɗin da a ke kira S.I.M., wadda Turawanta na fari suka sauka Ikko a 1893, ita ce ta karɓi riƙon asibitin kutare na Babbar Ruga kusa da birnin Katsina a 1937. Ikkilisiyar da ta haifa ita ce ECWA, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1954, ita ce kuma ta maƙwabtana. Akwai 'yan Katolika har wa yau, waɗanda a 2023 aka yanka musu ƙasar bishop ta Katsina, aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, ya zama na farko a kujerar. Littafinsu kuwa, watau Littafi Mai Tsarki, tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausar boko, Likita Mila na Zariya yana cikin manyan waɗanda suka sha wahalar fassara shi. Wannan ya sa karatun boko ya shiga cikin ibadarsu ƙwarai, wanda bai iya ba sai ya jira a karanta masa. Shi angon ƙarni ya gama firamare. Ita matar a ajin yaƙi da jahilci na majami'arsu ta koya, da girmanta, kamar yawancinku. Tana karatu, amma sannu sannu, da yatsa bisa layi.

Kafin haihuwa al'adarsu ba ta tashi. Da mun sallame isha'i na shigo gida sai in ji sun fara. Shi ya karanta sura guda daga Littafin, sa'an nan su rera waƙa ɗaya ƙasa ƙasa don kada su dame mu, kana kowannensu ya yi addu'a, su rufe da Amin. Da asuba ya kan tafi addu'ar safe a majami'a, mu kan yi karo a zaure, ni na nufi masallaci shi ya nufi nasa wajen, mu gaisa cikin duhu. Ran Lahadi su tafi sujada tare, ita kuma tana da taron Zumuntar Mata a tsakiyar mako. Shekara huɗu da aure Allah bai ba su haihuwa ba, daga baya kuwa na ji cewa a cikin waɗannan shekaru sun yi wa Allah alkawari, in ya ba su ɗa ba za su kwana ko dare ɗaya ba su yi addu'a tare ba. Ku riƙe wannan alkawari a ranku, gama shi ne ya zo ya zame musu kaya.

Ciki ya samu a farkon 2021. To, ku duka kun san al'adarmu, wadda Musulmi da Kirista ba su bambanta a kanta ba. Mace mai cikin fari gidan iyayenta ta kan koma goyon ciki, a can ta haihu, uwa ta yi mata wanka, ta dama mata kunu, ta karɓi jariri da dare don ta runtsa, sai an yi arba'in ko fiye a maido ta ɗakinta. Miji ba abin da ke kansa sai itace da ƙauri da abin yankan suna. Iyayen wannan yarinya kuwa a wani ƙauye su ke na ƙasar Sabuwa, can wajen dajin da ya haɗe da na Birnin Gwari. A ƙarshen watan Agusta na shekarar nan Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar tsaro wadda ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta tsai da cinikin dabbobi a kasuwanninmu. A watan Satumba kuma aka katse wayar hannu a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi wata da watanni ba ta dawo ba. Mai son zuwa Sabuwa sai ya zaga ta Funtuwa da Dandume, ita ma hanyar ba mai hankalin da zai bi ta da mace mai tsohon ciki. Ba a iya kai ta gida ba, ba a kuma iya gaya wa uwar ta zo ba.

Ta haihu cikin watan Oktoba, ana tsakiyar kaka, 'ya mace. Ran suna fasto ya zo da sassafe da dattawan ikkilisiya, aka yi karatu da addu'a a ƙofar gida, ya faɗi suna, aka raba goro da alewa, ni ma na zauna a gefe na karɓi nawa. Su 'yan ECWA ba su yi wa jariri baftisma, sai mutum ya girma ya nema da bakinsa. Abin da su kan yi shi ne, bayan mai jego ta fita, a kai jaririn majami'a a miƙa shi ga Allah. Da aka watse suna kowa ya kama gabansa, don kowa na fama da nasa gudun hijira da nasa girbin, gida ya rage daga su sai mu.

Uwargidana ta ɗauki wankan, safe da yamma, da ganyen bedi, wanda waɗansu ke kira darbejiya. Amma ɗebo ruwa da neman makamashi da hura wuta duk a kan angon ƙarni suka faɗa. Tun kafin kiran assalatu ya tashi ya hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya, da kara da totuwar masara da ya tsinto jiya, don itace ya fi ƙarfin aljihunsa. Gari na wayewa ya tafi ƙwadagon girbi a gonakin bakin gari, tun da ya ke tasa gonar tana can hannun ɓarayi. La'asar ya dawo da damin kara a ka, ya ɗauki jarka ya bi layin famfo, ya sake hura wuta. Da dare kuwa yarinya ta ce ba ta san zancen ba. 'Ya'yana shida a lokacin, amma ban taɓa jin jariri mai kuka irin nata ba. Daga isha'i har tsakar dare, ta huta kaɗan, ta dasa sabo.

Ban lura da ranar da waƙar ta ɗauke ba. Sai wani dare na shigo, na tsaya a zaure ina tuɓe takalmi, na ji kamar na yar da wani abu a hanya, na yi ta tunani, kana na gane shirun ne. Bayan 'yan kwanaki abin da ya maye gurbin waƙa sai muryoyi biyu masu zafi, irin waɗanda ban taɓa ji daga sashen nan ba.

Yarinya na da kwana 20 da 'yan kai ya fito ya same ni a kan tabarma a ƙofar gida. Na ce, "Angon ƙarni, ina gajiya?" Bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Malam, ku kun ji daɗi. Ladan na kiranku sau biyar, ko mutum ya so ko bai so ba sai ya ji. Mu ba mai kiranmu sai ƙararrawa. Rabona da addu'ar safe tun ran suna. Jiya na buɗe Littafi na ce ko aya biyar in karanta, ban farka ba sai da ya faɗo mini a ƙafa. Ita kuwa kuka ta ke yi, wai mun ci alkawarin Allah, shi ya sa yarinya ba ta barci. In na ce mu yi addu'a ta ce ban ga abin da ke hannunta ba ne, in na yi shiru ta ce na bar Allah."

Maganarsa ta sa ni tunanin abin da ban taɓa tunawa ba. Mu a wurinmu shari'a ta riga ta yanke wa mai jego hukunci. Na ji a karatun Risala a zauren malaminmu cewa mace mai jinin biƙi an ɗauke mata salla har jinin ya tsaya, iyakarsa kwana 60, ba kuwa za ta rama sallar ba. Saboda haka matanmu ba su kwana da nauyin zuciya a kan wannan. Namiji kuma lokatansa a ƙayyade su ke, raka'o'insa a ƙidaye, ya yi su cikin 'yan mintoci ya san ya sauke farali. Su kuwa maƙwabtana, yadda na fahimta, ba a yanka musu lokaci ko adadi ba, an bar kowa da zuciyarsa. Wannan sauƙi ne ran da mutum ke da sukuni. Amma ran da ya rasa sukuni sai sauƙin ya koma wuya, gama wanda ba a gaya masa iyakar abin da ke kansa ba, ba ya sanin ran da ya biya, ba kuma wanda zai ce masa an ɗauke maka. Ba auna addini da addini na ke yi ba, wannan ba aikin akawu ba ne. Abin da na gani na ke faɗi.

Nan fa na yi kuskuren da na ke jin kunyarsa har yau. Na ce masa, "Wannan ai mai sauƙi ne. Ɗakin jego ba wurin namiji ba ne. Ɗauko tabarmarka da Littafinka ka dawo zaure, ka yi karatunka cikin natsuwa, ka sami barci. Haka na ke yi duk haihuwar da aka yi mini a gidan nan." Ya yi godiya, ya bi shawarata. Dare uku yana kwana a zaure, ya kuwa yi karatu, don na ga hasken tocilarsa. A dare na uku uwargidana ta tashe ni ta ce in saurara. Yarinya na kuka, uwar yarinya na kuka. Ta ce, "Kai da ka ke komawa zaure, Innarmu da ƙanwata suna ɗaki tare da ni. Ita wa ka bar mata?" Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, ni kuwa na hau rufin wani na toshe inda nawa ke zuba.

Ana cikin haka wata gwaggon mijin ta zo barka, tsohuwa ce da ke gudun hijira a wata unguwa, wadda ba ta bar al'adar kakanni ba. Ta ji kukan yarinya, ta kaɗa kai, ta ce iskokin gidansu ne aka baro a ƙauye ba a sallame su ba, suka biyo jinin gida. Ta kawo wani ƙulli na fata ta ce a ɗaura wa yarinya a wuya, a kuma nemo jan zakara. Ba don mugunta ta yi ba, abin da ta sani ke nan, da shi ta goyi nata. Amma ga waɗanda iyayensu suka sha gori wurin dangi kafin su rabu da waɗannan abubuwa, ɗaura ƙullin nan komawa baya ne ba kaɗan ba. Mai jego ta karɓa ta tura ƙarƙashin matashi. Ba ta ɗaura ba, ba ta kuwa yar ba. Ta gaya wa uwargidana cewa kowane dare sai ta kai hannu ta taɓa shi.

Uwargidana ce ta aiki yaro ya kira shugabar Zumuntar Mata ta majami'arsu, wata dattijuwa mai sai da daddawa, wadda kowa ke ce wa Iya. Ta zo ta shige ɗaki ta daɗe. Da ta fito ta sa aka kira mu mu biyu a zaure, ta rusuna ta gaishe ni da ladabi, sa'an nan ta wanke mu tas. Ta ce, "Malam, ka yi mana alheri, Allah ya saka maka. Amma shawararka ta mai surukai kusa ce." Ta juya wurinsa ta ce, "Kai kuma ɗana, wa ya gaya maka Allah ya fi jin muryarka a zaure? Ka ɗauke Littafi ka bar mata kuka. Alkawarin nan da kuka yi, cewa kuka yi za ku yi addu'a tare, ko cewa kuka yi sai da sura guda da waƙa mai baiti biyar?" Ya ce tare suka ce. Ta ce, "To, ruwan wankan nan, yaya daɗewarsa kafin ya tafasa?" Ya ce ya kan kai rabin sa'a ko fiye, tun da wutar kara ce. Ta ce, "Me ka ke yi kafin nan?" Ya ce yana tsugune yana tura kara. Ta ce, "Ita fa?" Ya ce a lokacin ta kan ba da nono. Iya ta tafa hannu ta ce, "Ashe ku biyu idonku biyu, kuna zaune, ba inda za ku. To, ɗage labulen ƙofa, ka ɗaga murya kaɗan."

Abin da aka yi ke nan. Iya ta hana shi dogon karatu. Ta ce Zabura 150 ce, ya fara da ta 117, wadda ayoyinta biyu ne tak, babu sura mafi gajarta a Littafin duka, in barci bai sace shi cikin aya biyu ba gobe ya ƙara. Daga ran nan in na fito za ni masallaci sai in hange shi tsugune gaban murhu, hannu ɗaya na tura kara, ɗayan riƙe da Littafi ya karkata shi wajen harshen wuta, yana karantawa, daga cikin ɗaki kuma a amsa da Amin. Wani lokaci kukan yarinya ya katse su a tsakiyar aya, su bari, ba wanda ya ce an yi zunubi. Da yamma in an hura wuta ta biyu su yi Addu'ar Ubangiji, wadda kowannensu ya haddace tun yana yaro, ba ta bukatar fitila. Wutar nan ta zame musu ladan, ladan kuwa wanda ba ya makara, gama ko an ƙi ko an so sai an yi wanka.

Saura ita mai jego, wadda ke so ta karanta da idonta. Littafin nasu babba ne, mai nauyi, rubutunsa ƙanana, ba ya riƙuwa da hannu ɗaya ga mai jariri a cinya, balle ga wadda ke bin layi da yatsa. A nan ne na sami hanyar gyara ɓarnata. Na kawo masa tsohuwar kalanda mai manyan shafuka da alƙalami mai kaurin baki, na ja masa layuka da rula a bayan kowane shafi, yadda na saba a ofis. Shi ya zaɓi ayoyin, shi ya rubuta da hannunsa da manyan baƙaƙe, ya manna a bango daidai inda idonta ke sauka in tana ba da nono, bayan 'yan kwanaki ya sake wani shafi. Ta ce wa uwargidana kafin a yi arba'in ta haddace shafi uku ba da niyya ba, karatunta kuma ya ƙara sauri. Ku da kuka sha wahalar aji da girmanku, kuna jin 'yan ba'a suna cewa me babba zai yi da abacada, ku dubi wannan. Da ba ta shiga ajin nan ba, da tsakar dare, miji ya yi barci, ba abin da ke kusa da hannunta sai ƙullin gwaggo.

Ƙullin kuwa Iya ba ta ƙwace shi ba, ba ta ma yi faɗa a kansa ba. Ta ce a fara kai yarinya asibiti tukuna. Malamar asibiti ta duba ta, ta tambayi abin da a ke ba ta, ashe ana ɗura mata ruwa da jiƙe-jiƙe saboda ciwon ciki. Ta ce a daina, nono zalla har wata shida, a kuma riƙa ɗora ta a kafaɗa ta yi gyatsa. Ta ja kunne har wa yau a kan ruwan wanka mai ƙuna da yawan kunun kanwa, gama tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura ciwon zuciya yana yawan kama matanmu bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin jego. Uwargidana ta ɗan yi gunaguni, amma ta riƙa sirka ruwan. Kukan bai tafi duka ba sai da yarinya ta kusa wata uku, amma ya ragu. Wata safiya mai jego ta miƙa wa mijinta ƙullin, ta ce ya mayar wa gwaggo da godiya, ya haɗa da mudun gero don kada ranta ya ɓaci.

Matan Zumunta kuma Iya ta raba musu kwanaki. Duk wadda za ta zo sai ta riƙo itace ko guda uku ne, ta karɓi yarinya sa'a guda mai jego ta yi barci. Ran taronsu su kan biyo su biyar ko shida, da zanensu iri ɗaya, su rera waƙa biyu a tsakar gida su tafi. Ran Lahadi shi kaɗai ya kan je sujada, da sharaɗin in ya dawo ya maimaita mata wa'azin. Wata Lahadi na ji tana tuhumarsa, yana ta kame-kame, ashe tun da aka zauna barci ya kwashe shi, bai farka ba sai da kwanon baiko ya iso gabansa. A ran nan na fara jin dariyarta tun da ta haihu.

Da aka yi arba'in ta yi kitso da lalle, suka ɗauki yarinya zuwa majami'a aka miƙa ta. Ya gaya mini fasto ya yi wa'azi a kan sura ta 2 ta Bisharar Luka, inda aka ba da labarin Maryamu ta kai ɗanta Haikali a Urushalima bayan kwanakin tsarkakewarta, watau kwana 40 bisa ga Attaura in ɗa namiji ne, da hadayar tsuntsaye biyu, wadda ita ce ta talakawa. Ya ce bai taɓa lura ba cewa ita ma jego ta yi, nesa da gida kuma ta haihu. Daga nan suka shiga karɓa-karɓa, in yarinya ta tsananta kuka ɗaya ya fita da ita gindin bedi, ɗayan ya saurara ya ba shi labari a hanya. Ba kuwa ƙaramin abu ba ne mutum ya ɗauki jariri zuwa taron ibada a ƙasarmu a waɗannan shekaru. A watan Mayu na 2022 aka sace limaman Katolika biyu a Gidan Mai Kambu ta ƙasar Ƙafur. A Janairu na 2023 aka shiga wata majami'a a wani ƙauyen Ƙanƙara ran Lahadi aka tafi da masu sujada. A Agusta na 2025 kuma aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Akwai Lahadin da maƙwabtana ba su fita ba saboda jita-jita, kamar yadda akwai asubar da na yi salla a ɗaki. A irin waɗannan ranaku bakin murhu ne majami'arsu.

Kada ku zaci kome ya koma yadda ya ke da. Doguwar addu'ar dare da waƙarta ba ta dawo ba sai bayan yaye, ko da ta dawo ma ta gajarta. Addu'ar safe ta majami'a sai ya yi mako bai leƙa ba, abin kuma yana damunsa. Da aka yi musu haihuwa ta biyu a 2024 shirun ya sake sauka kwana da kwanaki, sai dai wannan karon ban ji kukan babba ba. Ni kuma da uwargidana ta haifi autanmu na ce zan hura mata wutar wanka, ta dube ni ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Malam, bayan haihuwa shida?" Na dai hura. Hayaƙi ya cika mini ido, na kuma tarar rabin sa'ar nan tana isar mutum ya ja carbi mai yawa.

Amma bari in koma kan surukarsa. Labarin haihuwa bai same ta ba sai ta bakin wani direban Dandume, ita kuma ba ta sami abokan tafiya ba sai ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Ta iso da magariba, da ƙullin kuka da yaji da daddawa, ta ga jika ta sha hawaye. An riga an gama wankan jego, amma sanyin hunturu ya sa ba a fasa dafa ruwan yarinya da asuba ba. Washegari tsohuwa ta yi sammako don ta hura wuta, aikin da ta yi tafiyar yini dominsa, ni kuma na fito za ni masallaci. Sai ga suruki tsugune a murhu, wuta ta riga ta kama, Littafi a hannu. Kun san kunyar da ke tsakanin suruki da suruka a ƙasarmu. Ta ja da baya ta rufe fuska da mayafi, shi kuma ya miƙe zumbur har ya kusa tuntsure tukunya, ya rasa inda zai sa kansa. Daga cikin ɗaki 'yarta ta ce, "Inna, ki zauna, saura aya biyu." Tsohuwa ta tsuguna bayan turmi ta juya baya. Shi ma ya juya ya fuskanci katanga, ya ƙarasa karatunsa murya na rawa. Na ji Amin biyu, ɗaya daga ɗaki, ɗaya daga bayan turmi, na sa takalmina na fita don an kusa ta da salla.